Ƙungiyar da doka ta hana yajin aiki: nazari kan Tarayyar 'Yan Sandan Ingila da Wales, 2012 zuwa 2024

Da safiyar 18 ga Satumba 2012 aka buga waya ofishin 'yan sanda na yankin Manchester, a arewacin Ingila, aka ce ɓarayi sun fasa wani gida. Aka tura mata biyu, Fiona Bone mai shekara 32 da Nicola Hughes mai shekara 23. Ba su riƙe da bindiga, domin mafi yawan 'yan sandan Birtaniya ba sa yawo da ita. Ashe kiran tarko ne. Wanda ya buga wayar, Dale Cregan, mutum ne da ake nema ruwa a jallo kan kisan wasu mutum biyu. Suna isa ƙofar gidan ya buɗe musu wuta, ya bi da gurneti. Duka biyun suka rasu.

Washegari da yamma, a Landan, Andrew Mitchell, mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisar dokoki, ya zo fita a kan keke daga Downing Street, inda gidan Firayim Minista yake. 'Yan sandan da ke gadi suka ƙi buɗe masa babbar ƙofa, suka ce ya bi ta ƙarama. Aka yi cacar baki. Jami'in da ke wurin ya ce Mitchell ya jefe su da kalmar raini, irin wadda mai ji da asali ke faɗa wa talaka. Mitchell ya amince ya yi ashar, amma ya musanta waccan kalma.

Waɗannan kwana biyu a jere su suka buɗe shekaru goma sha biyu mafi tsanani a tarihin Tarayyar 'Yan Sandan Ingila da Wales, wadda ake kira Police Federation. A cikinsu ta yi ayyukan da suka cancanci yabo ƙwarai, ta kuma yi abin da ya sa dubban mambobinta suka maka ta a kotu. Abin da nake so in nuna shi ne yadda ƙungiya ɗaya ta ƙware wajen karrama matattu da raunanan mambobinta, amma ta yi tuntuɓe a kan abin da ya fi damun rayayyunsu, wato fansho.

Yadda aka ɗaure mata hannu tun daga haihuwa

A ƙarshen Agustan 1918, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, dubban 'yan sandan Landan suka ajiye aiki saboda ƙarancin albashi da korar wani kurtu, Tommy Thiel, mai shirya musu ƙungiya. Firayim Minista Lloyd George ya biya musu buƙata cikin gaggawa, aka ƙara albashi, aka mayar da Thiel bakin aiki. Amma gwamnati ta ƙudurta ba za a kuma ba. Dokar 'Yan Sanda ta 1919 ta haramta wa ɗan sanda shiga ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki, ta kafa Tarayyar a madadi. Waɗanda suka sake fita yaji a 1919, akasarinsu a Liverpool da Landan, an kori sama da 2,000 daga cikinsu, suka rasa fansho, ba a kuma mayar da su ba.

Yau Tarayyar na wakiltar jami'ai sama da 140,000 a rundunoni 43, daga kurtu da sajan zuwa sufeto da babban sufeto. Hedikwatarta na Leatherhead, kudu da Landan. Tana karɓar kuɗin wata daga mambobi, tana ɗaukar musu lauya, tana kai kukansu ga gwamnati kan albashi. Duk aikin ƙungiyar ƙwadago tana yi, ban da guda ɗaya: ba ta da ikon cewa gobe kada kowa ya fito. Wanda aka hana wannan makami, abu biyu suka rage masa, amanar mambobinsa da tausayin jama'a. Kusan duk abin da Tarayyar ke yi, daga bikin lambar yabo zuwa tara kuɗin marayu, a kan waɗannan biyun yake tsaye.

Rikicin ƙofar Downing Street

A 2012 zukatan 'yan sanda a tafashe suke. Gwamnatin David Cameron na tsuke bakin aljihu, yawan jami'ai na raguwa, kuma raguwar ta zarce 20,000 kafin 2018. Binciken da gwamnati ta sa Tom Winsor ya yi ya taɓa alawus da tsarin ƙarin albashi. A watan Mayun shekarar kimanin jami'ai 30,000 da ba sa bakin aiki suka yi tattaki a titunan Landan. Da labarin Mitchell ya fito, 'yan kwanaki da kashe mata biyu a Manchester, wasu rassan Tarayyar suka ga dama ta samu. Aka buga riguna masu rubutun yi masa shaguɓe, aka yi ta kiran ya sauka.

Ranar 12 ga Oktoba wakilai uku daga rassan yankin tsakiyar Ingila suka gana da shi a mazaɓarsa ta Sutton Coldfield. Suna fitowa suka shaida wa 'yan jarida cewa ya ƙi bayyana abin da ya faɗa. Amma an naɗi muryar ganawar, kuma abin da ke cikin faifan bai yi daidai da bayaninsu ba. Mitchell ya yi murabus bayan mako guda. Daga baya aka gano wani ɗan sanda, Keith Wallis, ya yi ƙaryar cewa a gabansa abin ya faru, aka ɗaure shi wata 12 a 2014. Adalci ne a ƙara da cewa a Nuwamban 2014 alƙalin babbar kotu ya yanke cewa mai yiwuwa ne ƙwarai Mitchell ya furta kalmar, wato jami'in da ke ƙofa bai yi ƙarya ba. Sai dai kafin nan ɓarna ta riga ta auku, jama'a sun ga ƙungiyar masu tsaron doka tana wasa da gaskiya don ta kayar da ɗan siyasa.

Tarayyar da kanta ta nemi a bincike ta. Rahoton Sir David Normington ya fito a Janairun 2014 da shawarwari 36. Ya nuna kashi 91 cikin 100 na mambobin da aka tambaya suna son a sauya yadda ake tafiyar da ita, ya kuma yi magana kan wasu asusun rassa da ko hedikwata ba ta san abin da ke cikinsu ba. A watan Mayu ministar harkokin cikin gida, Theresa May, ta tsaya a gaban babban taronsu a Bournemouth ta ce ko su gyara ko gwamnati ta gyara musu da doka. Ta soke tallafin fam 190,000 da ake ba su a shekara, ta ce daga yanzu sabon ɗan sanda sai ya zaɓa da kansa zai zama mamba. Taron ya amince da shawarwarin duka.

Daga lambar yabo zuwa doka

Inda Tarayyar ta farfaɗo da mutuncinta shi ne fagen karramawa, kuma a nan yabon gwani ya zama dole.

Tun 1996 take shirya bikin Lambar Jarumta duk shekara. Kowane reshe ya kawo sunan jami'in da ya yi abin bajinta, wanda ya faɗa kogi ya ceto mutum, ko ya tari mai wuƙa da sanda kawai a hannunsa. Ana gayyatar su da iyalansu Downing Street kafin bikin dare. Wani zai ce ai biki ne kawai, amma wanda ya san aikin ɗamara ya san ciwon a yi kasada da rai, shugaba ko sannu bai ce ba. Sannan akwai wata riba: dare ɗaya a shekara ministoci na zama su saurari labarin raunukan da kurata ke samu, daga bakin waɗanda suka same su.

Tarayyar ta iya juya wannan sauraro ya zama doka. A 2016 'yar majalisa mai wakiltar Halifax, Holly Lynch, ta bi wani ɗan sanda sintiri, ta ga an yi masa taron dangi shi kaɗai, har sai da ta kira lambar gaggawa da kanta. Daga nan gangamin kare masu kare jama'a ya yi ƙarfi. Ɗan majalisa Chris Bryant ya kai ƙuduri majalisa, a 2018 ya zama doka: iyakar hukuncin dukan ɗan sanda ko ma'aikacin jinya ko na kashe gobara a bakin aiki ya tashi daga wata 6 zuwa wata 12. A 2022 aka mayar da shi shekara biyu. Abin lura a nan shi ne ba su nemi dokar don kansu kaɗai ba, sun jawo sauran ma'aikatan agajin gaggawa ciki, kuma hakan ne ya sa da wuya ɗan majalisa ya tashi ya ce bai yarda ba.

Sai batun Andrew Harper. Ɗan sanda ne mai shekara 28 a rundunar Thames Valley, ango ne da bai fi mako huɗu da aure ba. A daren 15 ga Agusta 2019 ya je kama ɓarayin babur mai ƙafa huɗu, igiyar da ke bayan motarsu ta sarƙe ƙafarsa, suka ja shi a kan kwalta fiye da mil guda. Kotu ta sami matasa uku da laifin kisa ba da niyya ba, aka ba ɗaya shekara 16, biyu shekara 13 kowanne. Matarsa, Lissie Harper, ta ce wannan hukunci bai kai girman abin da aka yi ba. Reshen Tarayyar na Thames Valley ya tsaya mata, har a Yunin 2022 dokar da ke ɗauke da sunan mijinta ta fara aiki: wanda ya yi sanadin mutuwar ma'aikacin agajin gaggawa yana cikin aikata laifi, ɗaurin rai da rai ne, sai in alƙali ya ga wani dalili na musamman. Akwai lauyoyin da suka soki dokar, suna ganin ta ɗaure hannun alƙali, ta kuma fifita wani rai a kan wani. Sukar tana da nauyi, ban ga dalilin yin watsi da ita ba. Amma ta fuskar aikin ƙungiya, bazawara ta kawo kuka, ƙungiyar mijinta ta raka ta har majalisa, kuma ba kowace ƙungiya ke iya haka ba.

Wanda ya fi daɗewa yana jira shi ne Bryn Hughes, mahaifin Nicola. Iyalan sojan da ya mutu a fagen daga suna da lambar da masarauta ke ba su, amma iyalan ɗan sanda ba su da makamanciyarta. A 2022 shi da Tarayyar suka fara neman a gyara. A Maris 2024 gwamnati ta sanar da Lambar Elizabeth, ta azurfa, wadda ake miƙa wa magadan duk ma'aikacin gwamnati da ya rasa ransa a bakin aiki. A Disambar shekarar Sarki Charles ya miƙa rukunin farko a fadar Windsor, cikinsu har da mahaifin Nicola da mahaifin Fiona. Shekara goma sha biyu ke nan bayan kisan.

Aikin yau da kullum da ba ya fitowa a jarida

A dokar Birtaniya ɗan sanda ba ma'aikacin kwantiragi ba ne, mai riƙe da muƙamin masarauta ne. Ƙa'idojin 'Yan Sanda na 2003 su ke tsara lokacin aikinsa da hutunsa, kuma wakilin Tarayya a caji ofis, wanda shi ma ɗan sanda ne, a kansu yake kwana yake tashi. In an soke wa kurtu ranar hutu ba tare da sanarwar kwana 15 ba, akwai kuɗin da za a biya shi. In ya zarce lokacin tashi, ana biyansa awa da sulusi, amma rabin awar farko ba a lissafa ta a karo huɗu na farko a mako. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke raba mai komawa gida ya ga 'ya'yansa da wanda aiki ya cinye.

Akwai nasarori a nan ma. Da can, ɗan sandan da ya bi ɓarawo a guje da mota, in an yi hatsari, da ma'aunin direban gari ake auna tuƙinsa a kotu. Dokar 2022 ta ce a auna shi da ƙwararren direban 'yan sanda mai irin horonsa. Binciken da Tarayyar ta yi a 2018 kan halin da mata jami'ai ke shiga lokacin ɗaukewar al'ada ya kai ga fitar da jagora ga rundunoni duka a 2019. Ta kuma daɗe tana neman a kayyade tsawon binciken ladabtarwa, domin akwai jami'an da ke shafe shekaru a dakace ba hukunci ba wankewa.

A nan ne kuma take samun saɓani da jama'a. Aikinta ne ta kare wanda ake tuhuma, ko da tuhumar mummuna ce. Bayan ɗan sanda mai ci ya sace Sarah Everard ya kashe ta a 2021, da rahoton Louise Casey na Maris 2023 kan wariyar launin fata da cin zarafin mata a rundunar Landan, mutane da yawa sun daina kallon wannan kariya a matsayin adalci ga ma'aikaci, suna kallonta a matsayin rufa-rufa.

Taimako: yawanci cikin gida yake zagayawa

Lokacin da aka kashe ɗan sanda Keith Palmer a ƙofar majalisar dokoki ranar 22 ga Maris 2017, reshen Landan ya buɗe asusun taimako a intanet, jama'a suka tara wa iyalinsa sama da fam 700,000. Rassa suna ƙarfafa mambobi su bari a riƙa cire ɗan abu daga albashinsu don cibiyoyin jinya irin su Flint House, inda jami'in da ya ji rauni ko damuwa ta kama shi ke zuwa a duba shi. Suna tallafa wa tseren keke na shekara-shekara da ke tara kuɗi wa ƙungiyar kula da iyalan mamata, Care of Police Survivors, wanda ake kammalawa a dandalin tunawa da ke Staffordshire. Suna kuma cikin masu riƙe da Ranar Tunawa da 'Yan Sanda, wadda aka fara a 2004.

Duk wannan alheri ne na gaske. Amma gaskiya mafi yawansa daga ɗan sanda zuwa iyalin ɗan sanda yake tafiya. Wanda ya fi fita zuwa ga sauran jama'a, sau da yawa daga hannun ɗaiɗaiku yake fitowa. Bryn Hughes ya kafa gidauniya da sunan 'yarsa don taimakon yaran da aka kashe musu wani na jiki, ko 'ya'yan waye, ya kuma yi gudun fanfalaki a ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya don tara mata kuɗi. A ganina irin wannan ne ya fi gyara tsakanin ɗamara da unguwa, kuma Tarayya mai mambobi sama da 140,000 tana da ƙarfin yin fiye da abin da take yi a wannan fage.

Fansho

A tsohon tsarin 1987, ɗan sanda na iya ritaya bayan shekara 30 da kashi biyu bisa uku na albashinsa na ƙarshe. A 2015 gwamnati ta kawo sabon tsari da ke lissafi da matsakaicin albashin duk shekarun aiki, ta kai shekarun ritaya 60. Don a lallashi manya, aka ce wanda a ranar 1 ga Afrilu 2012 bai fi shekara goma ya rage masa ya yi ritaya ba, ya ci gaba da zama a tsohon tsari. Ƙanana su aka tura sabo.

Dubban matasan jami'ai suka ce wannan bambanci ne na shekaru, suka nemi Tarayyar ta kai ƙara. Ta ƙi, tana cewa lauyoyinta sun nuna mata ƙarar ba za ta yi nasara ba. Sai suka haɗa kai suka ɗauki kamfanin lauyoyi na Leigh Day da aljihunsu, alhali kowane wata ana cire musu kuɗin ƙungiya. A Disamba 2018 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar alƙalai da 'yan kwana-kwana masu irin wannan kuka, ta ce tsarin ya saɓa doka. A Yunin 2019 kotun ƙoli ta hana gwamnati ɗaukaka ƙara. Sai a 2020 Tarayyar ta shigar da tata ƙarar neman diyya.

Waɗanda suka yi gaba da kuɗinsu ba su haƙura ba. Kusan 10,000 daga cikinsu suka kai ƙungiyarsu kotun ma'aikata. A Yunin 2023 kotun ta yanke cewa Tarayyar ta nuna musu bambanci saboda shekaru, ta kuma muzguna musu don sun shiga waccan ƙara. Tarayyar ta nemi afuwa, ba ta ɗaukaka ƙara ba, kuma diyyar daga kuɗin mambobi za ta fito.

Wannan hukunci ya fi rikicin Mitchell zafi a wurina. Shawarar lauya na iya zama kuskure, ba a nan laifin yake ba. Laifin shi ne a ɗauki ɗan ƙungiya da ya nemi haƙƙinsa a matsayin abokin gaba. Kurtun da ya fara aiki a 2005 bai yi wa kowa komai ba, shekarar haihuwarsa ce kawai ta jefa shi cikin waɗanda za su ƙara shekaru suna sintirin dare. Ya waiwaya ga ƙungiyar da doka ta ce ita kaɗai ce tasa, ya tarar ta karkata ga manya. Ba shi da damar komawa wata, domin dokar 1919 ta rufe wannan ƙofa tun kafin a haifi kakansa.

Mai karatu a Nijeriya zai ga abin da ya sani a nan. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasar ta hana 'yan sanda kafa ƙungiya, kuma ba a ba su ko irin wannan madadi ba. Da ƙananan jami'ai suka fita yaji a Fabrairun 2002 kan bashin alawus, gwamnatin Obasanjo ta kira abin tawaye, aka tura sojoji wuraren gadi, bayan 'yan makonni aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. A 2024 Shugaba Tinubu ya ayyana 7 ga Afrilu a matsayin Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa. A Yulin 2025 kuma tsofaffin 'yan sanda suka fito titunan Abuja suna neman a cire su daga tsarin fanshon karo-karo.

A Ingila ma maganar kuɗin ba ta kwanta ba. A 2021, da gwamnati ta hana ƙarin albashi ga mafi yawan jami'ai, Tarayyar ta fice daga hukumar da ke duba albashin 'yan sanda, ta kuma ce ba ta da sauran amanna da ministar cikin gida Priti Patel. Wani nazari na cibiyar Social Market Foundation a 2023 ya nuna darajar albashinsu ta faɗi da kashi 17 cikin 100 tsakanin 2000 da 2022, in an yi la'akari da tsadar rayuwa. A 2013 an taɓa tambayar mambobi ko a nemi cikakken 'yancin ƙwadago, mafi yawan masu jefa ƙuri'a suka ce a nema, amma waɗanda suka fito ba su kai rabin mambobi ba, maganar ta bi ruwa. A tsakiyar 2024 aka sake tambaya, wannan karon kan neman 'yancin zama da gwamnati a yi cinikin albashi, tare da mai raba gardama da hukuncinsa zai hau kan kowa. Sama da kashi 97 cikin 100 suka ce a nema. Waɗanda suka amsa kimanin 50,000 ne, wato wajen sulusin mambobi, sauran kashi biyu bisa uku ba su ce uffan ba.